Yadda Na Koyi Ɗaure Mota a Turke a Winnipeg

A watan Satumba muka sauka Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, lokacin ganyen bishiyoyi ya fara komawa ruwan ɗorawa. Abu na farko da ya ɗaure min kai a garin shi ne motocinsu. Kusan kowace ka duba, sai ka ga wata 'yar guntuwar waya ta leƙo daga hancinta tana reto, da kai mai ƙafa uku irin na sakawa a soket. Na ce wa uwargida lallai mutanen nan sun ci gaba, har akwalar motarsu da lantarki take tafiya. Ta ce, "To ai ga hayaƙi can yana fita ta salansa." Na yi gum.

A filin ajiye motoci na gidan hayar da muka fara zama kuwa, gajerun sanduna ne a jere, kowace da soket a jikinta, kamar turakun shanu a kasuwar Wudil. Da sanyi ya shigo sai na ga amfaninsu. Kowa ya dawo daga aiki zai ciro doguwar waya daga but, ya haɗa hancin motarsa da sandar, sannan ya shige gida. Wayar ta hitar inji ce, wadda su suke kira bulok hita. Shekarar farko ban damu da ita ba, don a bas nake yawo.

A shekara ta biyu, cikin watan Oktoba, na sayi tsohuwar a-kori-kura a hannun wani manomi a wajen gari. Mai shan gas ce, silinda takwas, batir biyu. Gas ɗin namu nake nufi, wato dizal, don a Kanada in ka ce gas fetur za a zuba maka, kuma na sha kunya a kan wannan. Niyyata in riƙa kwasar kayan masu tashi daga gida zuwa gida, in dusar ƙanƙara ta fara zuba kuma in ɗora injin share ta a baya, in bi gidajen da muka yi yarjejeniya in buɗe musu hanya kafin su fita aiki. Manomin ya nuna min wayar, ya ce kada in kuskura in bar motar ta kwana a sake in sanyi ya yi tsanani. Na ce na ji.

Kuma na ji ɗin. Tun daga tsakiyar Nuwamba ban taɓa fashi ba. Zuwa lokacin mun koma wani ɗan gida mai soket a bangon waje. Kullum bayan isha'i zan fita in jona, da asuba in cire. Motar tana tashi, amma da ƙyar, da tari da farin hayaƙi da karkarwa kamar mai masassara. Ni kuma ina cewa a raina, in da hita ma haka take yi, da babu fa? Har godiya nake yi wa wayar.

Sai wani dare a watan Janairu. An wuni ana zuba dusar ƙanƙara, da yamma sama ta washe tas, taurari suka fito. Daga baya na gane irin wannan daren ne ya fi kowane mugunta, don babu gajimaren da zai riƙe ɗan ɗumin da ƙasa ta samu. Na tashi ƙarfe huɗu da rabi, gidaje tara suna jirana. Wayar hannuna ta nuna digiri 32 ƙasa da sifili. Wanda bai taɓa shiga irin wannan sanyin ba, ba zai gane ba ko an yi masa bayani. Numfashin farko da ka ja, gashin cikin hancinka zai ƙame. Kujerar mota da ka sani da laushi ta koma benci. Dusar da ka taka tana ƙara ƙiiƙ-ƙiiƙ kamar kana tafiya a kan garin sitaci.

Na murɗa makulli rabi, na jira fitilar da ke nuna fulogan ɗumama silinda sun gama aikinsu ta mutu, sannan na yi kik. Injin ya juya a hankali, gurr, gurr, kamar dattijo yana gyaran murya. Na sake. Wani farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas ya fito, ta yi kamar za ta kama, ta fasa. A karo na huɗu ba abin da na ji sai ƙas-ƙas-ƙas. Batir biyun sun kwanta. Na zauna a cikin duhu ina kallon tururin bakina yana daskarewa a jikin gilashi, ga waya can a jone da bango, fitilar kanta tana ci, tana min kallon ba ruwana.

Na bi mutanen da saƙon ban haƙuri ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga ciki ba su sake nemana ba.

Akwai wani bawan Allah ɗan Maraɗi da muka saba da shi a babban masallacin da ke titin Waverley. Direban tirela ne, ya haura shekara ashirin yana ɗaukar kaya tsakanin Manitoba da Amurka. Alhaji kawai muke ce masa. Na yi sa'a yana gari. Bayan gari ya waye, wato wajen ƙarfe tara, don a Janairu rana ba ta fitowa a nan sai bayan takwas, sai ga shi da jakar kayan aiki.

Bai ko buɗe bonet ba. Ya tsaya ya ƙare mata kallo, ya ce, "Ɗan Kano, wannan motar ba ta kwana da wuta ba."

Na ce, "Haba Alhaji, da hannuna na jona ta. Ga fitilar waya nan tana ci."

Ya ce, "Fitilar ta gaya maka wuta ta zo ƙarshen wayarka. Ta gaya maka ta shiga inji? Dubi bonet ɗin nan."

Na duba. Farin ƙanƙara ya lulluɓe shi daga wannan gefe zuwa wancan, sumul, ba inda ya fi wani wuri. Ya ce motar da hitarta ke aiki, da safe za ka ga wani wuri a kan bonet inda ƙanƙarar ta yi laushi ko ta narke, daidai saman inda ɗumin ke tasowa. Sannan ya cire wayar, ya ce in durƙusa in kai kunnena kusa da tayar gaba ta dama, in yi shiru. Ya mayar ya jona. "Ka ji wani abu?" Ban ji komai ba sai ƙarar motar share titi can nesa. Ya ce da tana da rai, cikin ƙasa da minti ɗaya zan ji wani siririn sauti, sssss, irin na buta a kan wuta kafin ta tafasa.

Yadda ya bi abin daki-daki ne ya fi burge ni, don ni da a bar ni, da na fara da zargin inji gaba ɗaya. Ya fara da soket ɗin bango. Soket ɗin waje a ƙasar nan yawanci yana da ɗan maɓalli da ke katse wuta da kansa in ya ji danshi ya shiga, kuma mutane da yawa motarsu kan kwana a sanyi saboda ya katse ba su sani ba. Ya saka fitilar aikinsa, ta kama. Ya koma ƙarshen doguwar wayata, ya saka fitilar, ta kama. Sai dai ya murza wayar a hannunsa ya yi tsaki, ya ce wannan ta cikin ɗaki ce, siririya, ga shi sanyi ya sandarar da ita kamar kara. Daga nan ya ciro mitar gwajin wuta, ya ɗora bakinta biyu a kan ƙafafu biyu masu faɗi na wayar motar. Mita ba ta nuna komai ba.

Ya yi min lissafin a tsaye. Wutar gida a nan bolt 120 ce, ba 230 irin tamu ba. Hitar irin wannan injin wat 1,000 ce. In ka ninka 120 sau 120 ka raba da 1,000, za ka samu 14 da ɗan ɗoriya. To abin da mita ya kamata ta nuna ke nan in hanya a buɗe take tun daga kan waya har cikin hitar. Ƙananan motocin fetur masu hita wat 400, nasu kan kai wajen 36. In ba ta nuna komai ba, wani wuri ya tsinke: ko hitar ta ƙone, ko waya ta katse.

Ya bi wayar da yatsa, yana lanƙwasa ta kaɗan-kaɗan. Taƙi ɗaya daga kanta, robar ta buɗe baki. Jan ƙarfen ciki ya koma kore, ya rududduge. Daidai wurin da nake datse ta da bakin bonet ke nan kullum, don kada ta riƙa reto a hanya. Gishirin da ake watsawa a titi ya samu ƙofa ya shiga, ya ƙarasa aikin. Wato tun yaushe rabon da hitar nan ta ga wuta, Allah kaɗai Ya sani. Wata biyu ina fita cikin sanyi ina ɗaure mataccen doki a turke.

Na tambaye shi wai shin mene ne ma a cikin injin da wayar take kai wa wuta. Ya ce, "Ka yi makarantar kwana?" Na ce na yi, a Zariya. Ya ce, "To hitar da kuke jefawa a bokiti ku dafa ruwan wanka da hunturu, ita ce. Ba wani abu ba ne." Na yi dariya har haƙorana suka yi zafi, don gaskiya ne. Wani lanƙwasasshen ƙarfe ne da bai fi tsawon yatsa ba, an cusa shi ta gefen gangar injin, yana zaune tsundum a cikin ruwan da ke zagaye silindoji. A wasu injinan ana cire ɗaya daga cikin faya-fayan ƙarfen da ke toshe ramukan da aka bari lokacin zubin gangar, a sa ta a gurbin. A wasu kuma akwai rami mai zare da ake murɗa ta a ciki. Babu famfo, babu komai. Ruwan da ya yi zafi ya tashi sama, mai sanyi ya sauko ya maye gurbinsa, a haka har ɗumin ya game ƙarfen. Kuma dokar bokiti tana nan: in ka jona ta babu ruwa a kanta, nan take za ta ƙone.

Dalilin da ya sa injin gas ya fi na fetur buƙatarta kuwa, shi ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi. Iska yake matsewa, wajen sau goma sha bakwai, har ta yi zafin da in nozul ya fesa gas zai kama da kansa. To in gangar injin ta kwana a digiri 32 ƙasa da sifili, kafin fistin ya gama matse iskar, sanyin ƙarfe ya sace zafin. Ga baƙin mai ya yi kauri kamar man shanu a hunturu, kik yana fama ya juya inji a cikinsa. Ga batir shi ma sanyi ya rage masa ƙarfi a daidai lokacin da aka fi neman ƙarfinsa. Nawa injin ma da ƙarin matsala, don irin wanda ƙarfin baƙin mai ne ke tura nozul ɗinsa, saboda haka in man ya yi kauri feshin ma ba ya tafiya daidai.

Muka cire batir biyun muka shiga da su gida. Alhaji ya shafa gefensu ya ga ba su kumbura ba, ya ce duk da haka a bar su su huce kafin a sa musu caji. Batir mai cikakken caji ba ya daskarewa da wuri, amma wanda ya sauka, ruwan cikinsa ya kusa zama ruwa zalla, yana iya ƙanƙarewa, kuma sa wa daskararren batir caji neman fashewa ne. Muka tafi shagon kayan gyara a motarsa, na sayi sabuwar wayar hita, da doguwar waya mai kauri ta waje wadda robarta ba ta sandarewa. Lambar kaurin waya a nan a juye take: mai lamba 16 siririya ce, 14 ta fi ta, 12 ta fi duka. Alhaji ya ɗauko mai 12 ya miƙa min, bai ko tambayi ra'ayina ba.

Sa wayar shi ne aikin da ba zan manta ba. A gareji mai ɗumi aikin minti goma ne. Mu kuwa a waje muke. Na shimfiɗa kwali a kan ƙanƙara, na kwanta rigingine na shige ƙarƙashin motar da tocila a baki. Hitar tana can gefen injin ta ƙasa, kusa da filtar baƙin mai. Da safar hannu ba ka iya kama komai, in ka cire kuma minti biyu ya isa yatsunka su daina jin umarni. Na kwance ɗan zoben da ke riƙe da tsohuwar wayar, na zare ta. Alhaji ya miƙo min mita ya ce in taɓa ƙafafun hitar kanta. Na karanto masa: 14 da ɗigo shida. Ya ce, "Alhamdu lillahi, ka tsira." Da ita ce ta ƙone, sai an zubar da ruwan lagireto kafin a canza ta, kuma wannan ba aikin tsakar gida ba ne a Janairu.

Sau uku ina gudu cikin gida in cusa hannuwana a hammata. Uwargida ta kawo ruwan zafi a roba, Alhaji ya hana, ya ce mai ɗumi-ɗumi kawai, don hannun da ya mutu da sanyi ba ya jin ƙuna sai ya ƙone. Da jini ya fara dawowa yatsun, zafin kamar an soka allurai. A fita ta uku na cusa sabuwar wayar, na ɗaure zoben, muka bi da ita nesa da bututun hayaƙi da fanbel, muka fito da kanta ta cikin ragar gaba, inda ba abin da zai datse ta. 'Yan igiyoyin roba da ake ɗaure waya da su sai karyewa suke yi ƙas a hannuna saboda sanyi, sai da na riƙa ɗumama su a baki tukuna.

Ya jona. Na kai kunne. Da farko shiru, sai can na ji shi, siriri, sssss. Ban san ranar da ƙarar ruwa ta taɓa faranta min rai haka ba.

Alhaji ya ce sai a ba ta awa huɗu. Muka zauna shan shayi, ya shiga ba ni labarin hanya, yadda a wuraren kwanan direbobi wasu ba sa kashe inji sam har gari ya waye, da yadda tirelolin yanzu suke da wata ƙaramar hita mai ƙona gas daga tanki, wadda ba ruwanta da soket. Daga baya na bi tarihin bulok hita da kaina. Wani injiniyan lantarki ne mai suna Andrew Freeman, a garin Grand Forks na jihar Dakota ta Arewa a Amurka, tafiyar 'yan awoyi kudu da mu, ya ƙirƙiro ta farko, aka ba shi takardar mallakar fasahar a 1949. Tasa a gurbin ɗaya daga cikin dogayen kusoshin kan inji ake sa ta. Kafin nan manoman yankin sai su tura kaskon garwashi ƙarƙashin mota, ko su tsiyaye baƙin mai da dare su kwana da shi kusa da murhu, da safe su mayar. Na tuna direbobin manyan motoci a tasha da sanyin asuba, da yaran mota suna turi ana "a ba ta wuta". Wahalar iri ɗaya ce, sai dai tasu ta fi tamu haƙora.

Wajen ƙarfe uku da rabi, rana ta riga ta karkata, muka mayar da batir. A kan bonet ga wani wuri kamar faɗin faranti ya yi duhu, ƙanƙarar ta narke. Na zura hannu na taɓa jikin injin. Ba zafi ba ne, ɗumi ne kawai irin na jikin dabba. Na cire wayar, na shiga, na jira fitila, na murɗa. Juyi biyu ta kama. Babu tari, babu farin hayaƙin nan mai yawa, kuma kafin minti biyar iskar da ke busa gilashi ta fara ɗumi, abin da a da sai na yi tafiyar kwata ɗin awa.

Daga ranar na sake tsari. Na daina jona ta tun isha'i, don bayan awa huɗu ɗumin da take ƙarawa kaɗan ne, abin da ya shiga yana fita ta jikin ƙarfe. Abin da ake ba mutane shawara a nan shi ne a jona in sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, kuma awa huɗu ta wadatar. Ni dai saboda tsufan motata da kasancewarta mai gas, tun daga 10 nake jonawa. Na sayi agogon soket na waje, wanda ke sakin wuta a lokacin da ka saita masa, na sa shi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare. Lissafin mai sauƙi ne. Wutar Manitoba daga madatsun ruwa take zuwa, shi ya sa ma mutanen nan in za su ce kuɗin wuta sai su ce kuɗin haidiro, wato wutar ruwa, kuma tana da araha, wajen santi 10 kowane yunit. Hita mai wat 1,000 tana cin yunit ɗaya a awa. Awa goma dala ɗaya ke nan, awa huɗu santi 40. A dare ɗaya ba komai ba ne, amma sanyin nan wata biyar yake yi. A wajen sayen agogon ka duba ƙarfinsa, don hitar tana jan amfiya takwas da wani abu, kuma layin gida na amfiya 15 ne. Ranar da wani baƙo ya kwana gidanmu muka jona motoci biyu a soket ɗaya, tasa har da 'yar hitar ɗumama cikin mota, da safe muka tarar layin ya katse, dukkanmu mun kwana a sake.

Akwai ƙananan abubuwa da sai da na yi tuntuɓe da su. Sokets ɗin wasu filayen ajiye motoci ba sa ba da wuta kullum, suna kawowa suna ɗaukewa gwargwadon sanyin da ake yi, don haka in ka gwada ka ga babu, ba lallai ya lalace ba. Wasu motocin kuma wayarsu tana da ma'auni a kanta, ba ta sakin wuta sai sanyi ya kai 18 ƙasa da sifili. Lambar nan ta biyu da masu hasashen yanayi ke faɗa, ta yadda jiki zai ji in an haɗa da iska, fatar mutum ta shafa. Ƙarfe ba ya sauka ƙasa da sanyin iskar kanta, sai dai iska tana saurin kwashe ɗumin da hita ta tara. Saboda haka nake juya hancin motar ya kalli bango, na kuma rufe ragar gaba da mayafinta. Ba na jona ta a rufaffen gareji, kuma duk farkon sanyi sai na bi wayoyin da yatsa kamar yadda Alhaji ya yi, don 'yan kwana-kwana a garin nan kowace shekara sai sun yi gargaɗi a kan gobarar da fasasshiyar wayar hita ke tayarwa.

Ruwan lagireto ma ba irin namu ba ne da za ka tsaya a bakin hanya ka ɗura na famfo. Ruwa in ya daskare ƙaruwa yake yi, ya fasa gangar inji kamar yadda yake fasa kwalbar da aka manta a firiza. Rabi ruwa rabi maganin hana daskarewa ake haɗawa, wanda ke jurewa har wajen 37 ƙasa da sifili. Baƙin mai kuma na koma mai lamba 5W-40, wanda ba ya kauri da wuri kamar 15W-40 da na tarar a ciki.

Wani darasin kuma halinmu na gida ne ya jawo min shi. Wanda ya taɓa kwana a layin mai ba ya yarda da gidan mai, don haka tun Satumba, kafin ma in sayi motar, da na tabbatar mai gas zan saya, na cika jarka biyu na ajiye a rumfar bayan gida. Wata safiya a Fabrairu tanki ya yi ƙasa, na juye su. Na lura gas ɗin ya yi gajimare, yana zuba a hankali, amma ina sauri. Motar ta tashi lafiya lau, tunda hita ta yi aikinta. Ban yi kilomita uku ba ta fara shaƙewa, na taka totur ta ƙi amsawa, ta mutu a gefen titi. Gas yana da kakin da ke narke a cikinsa, in sanyi ya yi yawa kakin ya fito ya toshe filta. Gidajen mai a nan suna sauya haɗin da suke sayarwa in sanyi ya gabato, wanda na ajiye kuwa na lokacin zafi ne. Hita ruwan inji kawai ta sani, ba ruwanta da tanki, ba ruwanta da batir. Sai janwe aka kira, motar ta wuni a gareji mai ɗumi, aka canza filta. Da na gaya wa Alhaji a waya, ya daɗe yana dariya kafin ya ce, "Ɗan Kano, nan ba a ɓoye mai."

Na taɓa ba tsohon bakanikena na Ƙofar Ruwa labarin duk wannan. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Yallaɓai, to in an ɗauke wuta fa?" Na ce ba a cika ɗaukewa ba. Ya ce shi dai bai ga motar da za ta sa shi ya dafa mata ruwa kafin ta fita ba, ko amarya ce.

Saura abu ɗaya da kowa a garin nan ya taɓa yi, ko ya faɗa ko ya ɓoye. Wata asuba na makara, na fito a gurguje, na kankare gilashi, na tayar, na yi baya. Na ji wani ɗan fizga, na ɗauka tudun ƙanƙara na taka. Sai a fitilar kan hanya ta biyu wani mai ƙaramar mota ya matso kusa da ni yana nuna ƙasa yana dariya. Na sauka na ga doguwar wayata mai lamba 12 tana biye da ni a kan kwalta kamar jelar ɓera, agogon soket ɗin a ƙarshenta ya farfashe. Allah Ya taimake ni ta bangon ta zare, ba ta cikin inji ba.

Yanzu in na jona, sai na ɗauko tsakiyar wayar in rataya ta a madubin gefen direba, yadda ba zan iya buɗe ƙofa ba sai na taɓa ta. Duk da haka uwargida ba ta yarda da ni ba. Kullum in ta ji na murɗa ƙofar gida da asuba, daga cikin bargo za ta ɗago murya ta ce, "Malam, ka kwance akuyar taka kafin ka ja ta."